Kifi Goma Sha Uku a Gwangwani: Tarihin Fatsar Tirawut a Tafkunan Saman Duwatsu

Tafiyarmu ta yau mai nisa ce, domin za mu haye teku zuwa yammacin Amurka, mu hau wasu duwatsu da ake kira Sierra Nevada a jihar Kalifoniya, mu bi sawun wani kifi da bai iya hawan dutse ba, amma aka wayi gari ya cika tafkunan da ke can ƙololuwa.

A shekarar 1876 wasu mutane suka kama ƙananan kifaye goma sha uku a wani rafi mai suna Mulkey, suka zuba su a gwangwanin shan gahawa da ɗan ruwa, suka haye tudu da su zuwa wani rafin da ake kira Cottonwood. Ɗaya ya mutu a hanya, sha biyu suka isa da rai. Rafin da aka sake su a ciki ba shi da kifi ko ɗaya, kuma akwai ma'aikatan yankan katako a kusa da suke sha'awar su riƙa samun na miya. Babu wanda ya ɗauki abin da wani muhimmanci a ranar. Amma irin wannan ɗan aiki, da aka yi ta maimaitawa sau dubbai cikin shekara ɗari, shi ya canza rayuwar ruwan duwatsun baki ɗaya, har ta kai yau hukuma na biyan ma'aikata su hau su kwashe jikokin kifayen da hukumar da kanta ta zuba. Yadda aka yi aka zo nan shi ne labarinmu.

Wane kifi, wace fatsa?

Kifin sunansa tirawut. Ɗan uwan kifin salmon ne, kuma ruwan sanyi garau yake so, mai gudu a kan tsakuwa. Akwai mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon ja, wanda asalinsa Turai ne da kewayenta. Akwai mai jan zane a gefe kamar bakan gizo, ɗan asalin kogunan da ke zuba a tekun Fasifik. Sannan akwai mai launin zinariya, wanda a duk duniya asalinsa wasu rafuka ne ƙalilan a saman kogin Kern a kudancin Sierra Nevada. Irinsa ne aka ɗauko a gwangwanin nan.

Mun saba ganin mai fatsa ya soka tana ko gara a ƙugiya, ya jefa, ya zauna jira. Masu kamun tirawut suna da wata hanya daban. Mafi yawan abincin wannan kifi ƙwari ne da ke girma a cikin ruwa, in lokacinsu ya yi su taso sama su yi fiffike, kamar yadda gina ke fitowa bayan ruwan sama. Sai mai fatsa ya ɗauki ƙugiya tsirara, ya naɗa mata zare da gashin tsuntsu da ɗan gashin dabba, har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci a wannan lokaci. Wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a iya jifa da shi, saboda haka igiyar ce ake yi wa nauyi. Mai fatsa zai yi ta kaɗa doguwar sanda gaba da baya, igiya na warwarewa a iska, har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. In ya faɗa da ƙarfi kifi ya gudu. In launi ko girma bai dace ba, kifin zai taso ya leƙa ya juya abinsa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana, to a ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa maganar ta wuce karin magana.

Daga Makidoniya zuwa Ingila

Dabarar tsohuwa ce. Wajajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubuci ɗan Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a wani kogi tsakanin garuruwan Beroea da Tasalonika. Ya ce sukan naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, sandarsu ƙafa shida, igiyar ma haka. Wannan na cikin bayanai mafi daɗewa da ake da su a rubuce game da sana'ar.

A Ingila abin ya bunƙasa ya koma wasan masu hali. A 1496 aka buga wani ɗan littafi kan fatsa wanda ya jera ƙwarin ƙarya goma sha biyu, kowanne da watan da ake amfani da shi. An daɗe ana jingina shi ga wata mata mai suna Juliana Berners, kodayake masana tarihi na shakkar hakan. A 1653 Izaak Walton ya fitar da The Compleat Angler, abokinsa Charles Cotton kuma ya ƙara masa wani sashe kan fatsa da ƙwaron ƙarya a 1676. Zuwa ƙarni na 19, kamun tirawut ya zama alamar wayewa ga Baturen Ingila mai ji da kansa. Akwai ƙungiyoyi, akwai kogunan da ake biya kafin a taɓa, akwai ƙa'idojin abin da ya kamata da abin da ake ganin ƙauyanci ne. Wannan ɗaukaka da aka yi wa kifin ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, domin duk inda waɗannan mutane suka je suka tarar da ruwan sanyi babu tirawut, sai su ga kamar an yi gini an manta da rufi.

Kai kifi saman dutse ma ba sabon abu ba ne. Wajajen shekarar 1500, a zamanin Sarki Maximilian na Ɗaya, an riƙa ɗaukar tirawut zuwa tafkunan duwatsun Tirol a ƙasar Ostiriya ta yau, kuma har yanzu akwai tafkin da zuriyar waɗannan kifaye ke ciki. Sai dai a wancan zamani aikin ƙalilan ne, domin ɗaukar kifi mai rai a kan tudu wahala ce.

Ƙwai a cikin ƙanƙara

Abin da ya sauya lissafi shi ne gano yadda ake ƙyanƙyasar kifi da hannu. Wani Bajamushe mai suna Stephan Ludwig Jacobi ya gwada a ƙarni na 18: a matse ƙwai daga mace, a matse ruwan namiji a kai, a ajiye a akwati mai tsakuwa da ruwa na ratsawa. A shekarun 1840 wasu masunta biyu na yankin Vosges a Faransa, Joseph Rémy da Antoine Géhin, suka sake gano dabarar, gwamnatin Faransa kuma ta gina gidan ƙyanƙyasar kifi a Huningue a 1852. Daga nan aka fahimci cewa ba sai an yi jigilar kifi ba. Ƙwai ya fi sauƙi, kuma in an sanyaya shi yakan jinkirta ƙyanƙyashewa.

A 1864 wani jirgin ruwa mai suna Norfolk ya tashi daga Ingila da akwatunan ƙwan salmon da na tirawut, an shimfiɗa su a gansakuka an binne a cikin tulin ƙanƙara. Bayan kusan wata uku a teku aka isa Ostireliya, aka wuce da ƙwan tsibirin Tasmaniya. Salmon bai kafu ba, tirawut kuwa ya zauna daram, daga can kuma aka kai shi New Zealand. A 1883 ƙwan tirawut na Turai ya isa Amurka daga Jamus. Ita ma Amurka ta shiga aika nata mai jan zane, daga kogin McCloud na arewacin Kalifoniya, zuwa ƙasashe da dama. Turawan mulkin mallaka suka kai shi Kashmir wajajen 1900, suka kai shi duwatsun Aberdare na Kenya a 1905. Cikin shekara hamsin, kifin da ya san yanki ɗaya na duniya ya zaga kusan ko'ina da ake da ruwan sanyi.

Tafkunan da babu kifi

Mu koma Sierra Nevada. Jerin duwatsu ne mai tsawon kilomita kusan 640, kuma mafi tsayinsu, Dutsen Whitney, ya kai mita 4,421. A zamanin da sanyi ya rufe duniya, manyan tulin ƙanƙara sun riƙa gangarowa a hankali suna ƙwaƙule dutse. Da suka narke, fiye da shekara dubu goma da suka wuce, sai suka bar dubban ramuka cike da ruwa. Tsakanin waɗannan tafkuna da kogunan ƙasa akwai wuraren da ruwa ke faɗowa daga tsayi, inda babu kifin da zai iya haurawa. Shi ya sa kusan duk tafkin da ya haura mita 1,800 ba shi da kifi tun asali. Haka abin yake a sauran duwatsun yammacin Amurka. Wani bincike da Peter Bahls ya fitar a 1992 ya ƙiyasta cewa a cikin tafkunan saman duwatsu kimanin 16,000 na yankin, kusan kashi 95 cikin ɗari ba su da kifi a da, amma a lokacin binciken kusan kashi 60 suna da shi.

Waɗanda suka fara kai kifi sama makiyayan tumaki ne da masu haƙar ma'adinai da masu yankan katako, kuma don ciki suka yi. Daga baya 'yan nishaɗi suka karɓi aikin. A 1891 aka ɗebi jikokin kifayen gwangwani aka haura da su tafkunan Cottonwood, a tsayin fiye da mita 3,000. Suka hayayyafa har wurin ya zama inda jihar Kalifoniya ke tatsar ƙwan tirawut mai zinariya. A 1904 Shugaba Theodore Roosevelt, da ya ji ana fargabar ƙarewar wannan kifi, ya sa aka tura masanin kifi Barton Warren Evermann ya je ya bincika. A 1917 aka kammala gidan ƙyanƙyasar kifi na Mount Whitney a gindin duwatsun, a 1947 kuma aka ayyana mai zinariya a matsayin kifin jihar.

Jigilar a bayan alfadarai ake yinta, cikin garewani. Kowace garwa da ruwa da 'ya'yan kifi ɗaruruwa, an rufe bakinta da tsumma don iska ta shiga. Tafiyar dabba na girgiza ruwan, wannan girgiza kuma ita ke sa kifin ya samu numfashi, don haka tsayawa na dogon lokaci haɗari ne. In dare ya yi sai a nemi rafi a jiƙa garewanin a ciki. Hatta ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta sa hannu a wannan aiki a farkon ƙarni na 20, haka ma sojojin da ke gadin gandun Yosemite a lokacin. A jihar Wyoming, wani mutum mai suna Finis Mitchell ya rasa abin yi a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, sai shi da matarsa suka kafa sansanin masu fatsa a duwatsun Wind River. Da dawakai da garewanin madara ya riƙa kai kifi sama, kuma bisa lissafinsa ya zuba a tafkuna fiye da 300. Yau akwai dutse mai sunansa a can. A tafkin Cook na waɗannan duwatsu aka kama tirawut mai zinariya mai nauyin kusan kilo 5 a 1948, girman da ba ya kaiwa a rafukansa na asali.

Ya kamata mu yi wa mutanen nan adalci. A idonsu tafkin da babu kifi kufai ne, kalmar da takardun hukuma na lokacin ke amfani da ita ma ma'anarta bakarare. Suna ganin alheri suke shukawa, kuma talakan da ba shi da kuɗin shiga kogin masu hali ya samu inda zai je kyauta.

Kifi daga sama

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen sama sun yi yawa, matuƙa ma haka. A ƙarshen shekarun 1940 wani matuƙin hukumar kifi da namun daji ta Kalifoniya mai suna Al Reese ya shiga gwajin jefa kifi daga jirgi. Ya gwada daskarar da su a ƙanƙara, ya gwada saukar da su a mazubi da lema, duk bai yi ba. A ƙarshe aka gano cewa in kifin ƙanana ne, kamar tsawon yatsa, ba sa bukatar komai. A buɗe tanki kawai su zubo da ruwansu, iska ta tare su saboda rashin nauyi, su faɗa tafki mafi yawansu da rai. Aikin da alfadarai ke shafe damina guda suna yi, jirgi ya gama shi cikin 'yan kwanaki, kuma a kan kuɗi kaɗan. Tafkin da ƙafa ba ta kaiwa ma yanzu an kai masa. Har yau jihar Utah na yin haka, jirginta na ɗaukar kifi har 35,000 a tashi ɗaya.

Wannan zamani ne ya haifar da abin da masu fatsar Amurka ke ƙauna. Mutum zai goya jaka ya yi tafiyar yini biyu ko uku a ƙafa, numfashi na sarƙewa saboda tsayi, ya isa tafkin da ƙanƙara ba ta sake shi sai watan Yuni ko Yuli. Lokacin cin abincin kifin gajere ne, wata uku ko huɗu, don haka yana cikin yunwa. Da rana iska kan kwaso tururuwa masu fiffike da fara daga kwari ta watsa su a kan ruwa, da yamma ƙwarin ruwa su taso, sai a ga fuskar tafki ta cika da zobe-zoben kifin da ke tasowa. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa, kuma da yawa daga cikin masu kare dazukan Amurka ta wannan ƙofa suka shigo.

Sai dai tun a lokacin an ga alamar cewa lissafin bai cika ba. Tafkin saman dutse abincinsa kaɗan ne. A shekarun farko kifin kan yi ƙiba, domin ya tarar da ƙwarin da ba su san maƙiyi ba. In ya cinye manyan, ya kuma hayayyafa, sai a koma kama kifaye masu ƙaton kai da siririn jiki. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai gidan da ba a tambaya ba

Ashe tafkunan ba kufai ba ne. Mai gidan wani ɗan kwaɗo ne mai rawayar ƙafa, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, in an kama shi kuma yakan fitar da wari kamar tafarnuwa. Masana dabbobi Joseph Grinnell da Tracy Storer, waɗanda suka zaga Yosemite suka fitar da littafinsu a 1924, sun tarar da shi birjik a bakin tafkuna, mutum na tafiya suna ta faɗawa ruwa a gabansa. Kuma tun a lokacin sun lura cewa ba a cika ganin 'ya'yansa a tafkin da aka zuba wa tirawut ba. An rubuta, an ajiye, an ci gaba da zuba kifi.

Dalilin rashin jituwar a fili yake. Kwaɗin da muka sani 'ya'yansu kan yi ƙafa cikin 'yan makonni su bar kududdufi. Wannan kuwa, saboda sanyi da gajartar lokacin ɗumi, ɗansa kan shekara biyu zuwa huɗu a ruwa kafin ya zama kwaɗo. Dole ne ke nan ya samu tafki mai zurfi wanda ba ya daskarewa har ƙasa, ba ya kuma ƙafewa. Irin wannan tafki shi ne daidai wanda tirawut ke bukata. Da kifi ya shigo, sai ya cinye 'ya'yan, ya bar kwaɗin da ƙananan kududdufai inda sanyi ke kashe su. Rafukan da suke bi daga tafki zuwa tafki su ma kifi ya tare, don haka in kwaɗin wani wuri suka ƙare babu masu zuwa su maye gurbi.

David Bradford ya nuna wannan a wani bincike a 1989. Daga baya Roland Knapp da Kathleen Matthews suka bi tafkuna da kududdufai fiye da 1,700 ɗaya bayan ɗaya, suka kwatanta yankuna biyu masu maƙwabtaka: dajin John Muir inda ake ci gaba da zuba kifi, da gandun Kings Canyon inda aka daɗe da ragewa. Sakamakon da suka fitar a shekarar 2000 ya nuna kwaɗin sun fi yawa nesa ba kusa ba a inda kifi ya yi ƙaranci. Gaba ɗaya, kwaɗon ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren da aka san shi. Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Macijin da ke cin kwaɗin ya ragu. Wani ɗan tsuntsun saman dutse da ke ciyar da 'ya'yansa da ƙwarin ruwa an tarar ya fi taruwa a tafkunan da babu kifi, domin a can ne ƙwarin suka saura.

Kwashe abin da aka zuba

Nuna cewa kifi da kwaɗo ba sa zama tare abu ɗaya ne, tabbatar da cewa kifin ne sanadi kuma wani abu ne. Wani ɗalibin bincike mai suna Vance Vredenburg ya ɗauki hanya mai wuya. Daga tsakiyar shekarun 1990 ya riƙa hawa wani kwari mai tarin tafkuna a Kings Canyon, wanda ake kira Sixty Lake Basin, yana shimfiɗa raga yana kwashe kifi daga tafkuna biyar har sai da bai bar ko ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru kwaɗin suka dawo suka cika su, kamar tafkunan da ba a taɓa zuba wa kifi ba. Ya buga sakamakon a 2004.

Kafin nan hukumomin manyan gandayen yankin sun riga sun fara janye hannu tun shekarun 1970, kuma zuwa 1991 an daina zuba kifi gaba ɗaya a Yosemite da Sequoia da Kings Canyon. Amma daina zubawa bai isa ba, domin an gano cewa a mafi yawan tafkunan kifin na hayayyafa da kansa, jirage sun yi ta zuba kifi a kan kifi shekara da shekaru ba tare da bukata ba. Cire shi kuwa aiki ne ja. Tafki ɗaya kan ci shekaru ana sa raga, wani lokaci a bar ta a ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon hunturu, rafukan da ke shiga kuma a bi su da na'urar lantarki mai sumar da kifi. In biyu suka tsira, mace da namiji, aiki ya koma farko. Abin da jirgi ya yi cikin daƙiƙa kaɗan, ga shi yana cin guzurin shekaru.

Ana cikin haka wata masifar ta kunno kai. Wata cuta dangin funfuna, wadda masana suka gano a ƙarshen shekarun 1990, tana kama fatar kwaɗi a sassan duniya da dama tana kashe su. A tsakiyar shekarun 2000 ta isa kwarin da Vredenburg ya yi aikinsa, ta bi tafkunan ɗaya bayan ɗaya ta kusa share kwaɗin da suka farfaɗo. A 2014 gwamnatin Amurka ta sa wannan kwaɗo a jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Duk da haka labarin bai ƙare a nan ba. A 2016 Knapp da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a Yosemite yawan kwaɗin ya ninka kusan sau bakwai cikin shekara ashirin. Raguwar kifi ta ba su sarari, waɗanda suka tsira daga cutar kuma da alama sun fi jure mata. Yanzu ana ɗaukar irin waɗannan a jirgi mai saukar ungulu ana kai su tafkunan da aka share. Hanyar da kifi ya bi ya hau, ita kwaɗo ke bi ya koma gida.

Ina gaskiyar take?

Masu fatsa da yawa ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja. Akwai wanda kakansa ya kai mahaifinsa wani tafki, mahaifin ya kai shi, yanzu an ce masa an kwashe kifin saboda kwaɗo. Akwai garuruwan gindin duwatsun, irin su Bishop, da masu shaguna da masu alfadaran haya ke ci daga baƙin da ke zuwa fatsa. Su kuwa masana suna cewa tafkunan da ake sharewa kaɗan ne ƙwarai cikin dubbai, mai son kifi ba zai rasa inda zai je ba, kwaɗon kuwa in ya ƙare ya ƙare ke nan. A cikin masu fatsar ma akwai waɗanda suka goyi bayan aikin.

Wani abin mamaki shi ne, shi kansa tirawut mai zinariya, da aka yi ta yaɗawa a jihohi, yana cikin matsala a gidansa na asali. Tirawut na Turai da aka kawo yana cin 'ya'yansa, mai jan zane kuma yana barbara da shi har jinin ya gauraye. Sai da aka gina shingaye a kogin Kern ta kudu don a raba shi da baƙin da masoyansa suka kawo masa. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Wannan tarihi ba na Amurka kaɗai ba ne. Giwan ruwa da muke alfahari da ita a Argungu 'yar gida ce a kogunanmu da tafkin Chadi. Amma a shekarun 1950 aka kai ta tafkin Victoria na gabashin Afirka inda ba a san ta ba, da niyyar bunƙasa sana'ar su. Zuwa shekarun 1980 ta mamaye tafkin, ta kawo masana'antar fitar da kifi zuwa Turai, ta kuma taimaka wajen ɓacewar ƙananan kifaye dangin karfasa kimanin iri 200 da babu su ko'ina a duniya sai can. Wanda ya samu aiki a masana'anta zai ba da labari ɗaya, matar da ke shanya ƙananan kifi a rana ta ba da wani.

Mutanen da suka haye tudu da gwangwani a 1876 ba mugaye ba ne. Sun leƙa ruwa garau ba su ga abin da suka sani ba, sai suka yanke cewa babu komai. Kwaɗon yana nan a gabansu, yana faɗawa ruwa a duk takun da suka yi, amma ba shi da littafi kamar na Walton, ba shi da ƙungiya, ba wanda ke tafiyar yini uku don ya gan shi. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a ƙirga shi cikin mazauna wurin.

A nan za mu dasa aya. Tambayar da muka bar muku ita ce: da a ce ku ne ke da ikon yanke hukunci kan tafki ɗaya, ga tsohon da ya shekara hamsin yana fatsa a cikinsa, ga kuma kwaɗon da ya riga kowa zuwa, wa za ku bar wa ruwan? Sai mun ji daga gare ku, mu haɗu mako mai zuwa.